Yadda Na Kama wa Surukina Kujera a Jirgin Leƙen Asiri

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a ta bazara ba, ranar da na tara jama'a tun daga Baure har ƙofar filin jirgin Katsina, ba don komai ba sai don su zo su shaida wautata da idonsu. Shekaru sun ja, amma har yau in na ji ƙarar jirgi a sama ba na ɗaga kai. Bari dai in ba ku labarin da kaina, don in kuka ji shi a bakin mutanen kasuwarmu sai sun ƙara masa gishiri.

Ni mutumin Daura ne, kayan gyaran babur nake sayarwa. A ƙofar shagona akwai benci inda majalisa ke zama bayan la'asar, kuma a wannan majalisa ni ne mai sharhi. Ko yaƙi ake yi a wata ƙasa, ko taki ne ya yi tsada, ni ake juyowa a tambaya, ni kuma ban taɓa iya buɗe baki in ce "ban sani ba" (ciwo ne wannan, ko gadonsa na yi ko koyo, Allah masani).

Ina da ƙane, Nasiru, sojan sama ne a Kaduna. Ni na goye shi, ni na riƙa kai shi makaranta a kan keke, saboda haka duk kakin da ya sa, a idona yana nan a ɗan yaronsa. Wata rana ya turo wa mahaifiyarmu hotonsa ta wayata, an ɗauke shi ranar wani biki da aka bar iyalai suka shiga barikinsu. Yana tsaye a gefen wani ɗan jirgi fari sol, siriri, mai dogon hanci da ƙananan tagogi, sak irin wanda manyan attajirai ke hawa. Na kira shi na tambaya, ya ce a cikinsa yake aiki. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Sauran duk ni na ƙarasa da kaina.

Da yamma hoton ya zaga majalisa hannu da hannu. Na yi musu bayanin kujerun kushin da ke ciki, da kafet, da firji cike da lemo. Ɗanlami tela, maƙwabcin shagona, mutum ne mai bin ƙwaƙƙwafi, sai ya ƙura wa hoton ido ya nuna wani ƙullutu a ƙarƙashin cikin jirgin, kamar tozon bijimi a kife.

"Wannan fa mene ne?"

"But ne," na ce, ko tari ban yi ba. "Nan ake zuba akwatunan manya."

"To waɗannan tsinkayen da ke gadon bayansa fa?"

"Eriyar talabijin ce, don kada labarai su wuce su suna sama."

Kowa ya gyaɗa kai. Abin mamaki, da na ji maganar ta fito daga bakina sai ni ma na yarda da ita.

Yanzu sai in kawo ku wurin surukina. Mahaifin matata Binta babban falken shanu ne a Baure, Baba Alhaji muke ce masa (sunansa ba zai fito daga bakina ba, ku yi haƙuri). Dattijo ne mai kwarjini, ba ya yawan magana. Tun da na auri 'yarsa, in na je gaisuwa a ƙofar zaure nake barin takalmina, in tsuguna can nesa kaina a ƙasa, ya ce "Madalla, Allah ya yi albarka," sai in tashi. Mijin yayar Binta kuwa ɗan kasuwa ne a Kano, da mota mai sanyi yake zuwa ya ɗauki Baba Alhaji in za shi asibiti ko gaisuwar mutuwa. Ni kullum goro da sabulu. Ba wanda ya taɓa yi mini gori, amma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, ina ta neman ranar da ni ma zan yi wata bajinta a gidan.

Sai ga bikin Zulai. Zulai 'yar ƙanen Baba Alhaji ce da ya rasu, ta tashi a Kaduna wurin mahaifiyarta, ta yi karatun jinya, ta kawo wanda take so. Lokacin da mahaifinta ke jinyar ajali, Baba Alhaji ya yi masa alkawari cewa shi da bakinsa zai ba da aurenta. Duk dangi sun san da wannan alkawari, kuma sun san dattijon ba ya magana biyu. An sa ɗaurin aure ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, a can Kaduna. An shirya zai bi mota tun ranar Alhamis ya kwana a can, duk da ciwon bayan da ke damunsa. Mai mota mai sanyin kuma ya tafi Umra.

A farkon satin ne Nasiru ya kira ni.

"Yaya, ranar Juma'a da safe aiki zai kawo ni Katsina. In na samu sarari zan leƙo in gaida Hajiya, in ban samu ba ka ba ta haƙuri."

"Da jirgin naku za ku zo?"

"Eh, da shi ne."

"Yaushe za ku koma?"

"Wataƙila a ranar."

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Na miƙe tsaye a cikin shago, na ce, "To ka saurara. Baba Alhaji zai je ɗaurin auren Zulai, za ku rage masa hanya zuwa Kaduna. Ni ma zan raka shi."

"Yaya, ai ba..."

"Kai! Ni na goye ka. Kujera biyu kawai. Sai mun zo."

Na kashe waya.

A wurinmu dai haka abin yake. In ɗan gida yana jan mota, kuma hanyarku ɗaya, ba roƙonsa ake yi ba, sanar da shi ake yi. Direban tirela ma yana rage wa dattijon unguwa hanya, balle ɗan jirgin da nake ganin kujerunsa zaune suke ba kowa.

Washegari na hau babur na tafi Baure. Ranar na yi wa surukina maganar da ta fi duk wadda na yi masa tun aurena tsawo. Na ce ba sai ya wahalar da bayansa a mota ba, ya yi karin kumallonsa a gida ranar Juma'a, kafin a yi kiran farko yana Kaduna. Ya ja carbinsa, sannan ya ce, "Yaron ya amince?"

"Ai ƙanena ne, Baba."

"Na hau na alhazai," in ji shi, "amma ban taɓa hawa na masu kuɗi ba. To, Allah ya kai mu."

Har ya ɗan yi murmushi. Wallahi a hanyar dawowa ji nake babur ɗin ma ya san an ƙara mini girma.

Binta ce kaɗai ba ta yi murna ba. Ta ce, "Baban Ummi, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka bar Baba ya bi mota ranar Alhamis, in jirgin ya samu sai kai ka hau." Na ce mata ita me ta sani a harkar jirgi (kamar ni na sani). Ta ce to, Allah ya sa a gama lafiya, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ga inda na fi jin kunyar faɗa. Nasiru ya yi ta kirana, ina kallon sunansa a waya ina kife ta. Ya turo saƙo cewa don Allah in kira shi, na ƙi. Dalilina a lokacin shi ne na san halin ƙanne, in ka ba su aiki sai su fara neman hanyar zamewa, kuma dabarar manya ita ce kada ka ba su kafar kawo uzuri. Shi kuma bawan Allah tarbiyya ta hana shi ce wa yayansa a'a a rubuce, yana son ya lallaɓa ni da baki. Daga baya aiki ya sa suka kashe wayoyinsu, ni kuwa na ɗauki shirun a matsayin ya haƙura.

Kafin Alhamis labari ya gama gari. Kun san mutanenmu da saƙo: kowa yana da ɗan uwa a Kaduna, kuma kowa ya ji cewa jirgin yana da ƙaton but. Aka yi ta kawo ƙullin daddawa da kuka, wata tsohuwa ta kawo gero rabin buhu a kai wa jikanta, Ɗanlami tela ya kawo zabi ɗaure da ƙafa a kai wa yayarsa. Duk na karɓa. Har ina ce wa masu kawowa su rubuta suna a jiki don kada ma'aikatan jirgi su rikice.

Ranar Juma'a da sassafe muka ɗauki shatar bas. Baba Alhaji ya zo daga Baure cikin farar babbar riga da rawani, ga jakar goro da dabino da alawa na rabo a wurin ɗaurin aure, ga kilishi tsarabar amarya. Amininsa Malam Habu, limamin unguwarsu, ya rako shi, haka ma wasu dattawa da rabin majalisata, kowa na son ya ga tashinmu. Ni na sha sabuwar shadda ruwan sararin samaniya. Surukata ta ba da kwanon man shanu a kai wa Zulai, ta ce kada a sa shi cikin kaya, saboda haka na rungume shi a cinya tun daga Daura. Rana ta fito da zafinta tun da wuri, amma ni ko a jikina, ina ta ba direba labarin yadda ake ɗaura bel a jirgi.

Da hantsi muka isa. Na sa direba ya wuce ƙofar fasinjoji, na ce mu ba nan ce tamu ba, ya kai mu get ɗin sojoji. Na fito da kwanona a hannu, na yi wa sojan da ke gadi sallama, na ce mun zo hawa jirgin Nasiru.

Ya dube ni, ya dubi bas ɗin, ya dubi zabin da Ɗanlami ya riga ya sauke.

"Jirgin wa?"

"Nasiru, ɗan Daura. Ce masa yayansa ya iso da fasinja."

Sojan nan yana da kirki, don bai yi dariya a gabana ba. Ya shiga ɗan ɗakinsu ya yi magana a rediyonsu, ya fito ya ce mu matsa gefe mu jira. Ta cikin wayar shinge muna hango jirgin can nesa yana ƙyalli a rana. Na nuna wa dattawa shi da baki, suka yi ta "Masha Allah".

Can sai ga Nasiru da sauri cikin rigar aikinsu mai haɗe da wando. Yana fitowa get ya ga taron, ya tsaya cak. Ya je ya tsuguna ya gaida Baba Alhaji da sauran dattawa, sannan ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, don Allah mu ɗan keɓe."

Ni kuma don in nuna isa na ce, "Faɗi a nan, duk iyayenka ne. Ina za a kai kayan?"

Ya dubi ƙasa. Baba Alhaji ya ce, "Yi magana, ɗana."

"Baba, ku gafarce ni. Wannan jirgin ba ya ɗaukar fasinja. Ko kusa da shi ba a barin farar hula ya je."

Na yi wata dariya wadda ni kaina ban san daga ina ta fito ba. "Haba Nasiru, kujera biyu a cikin duk kushin ɗin nan?"

"Babu kushin, Yaya. Gangar jikin dai ta jirgin attajirai ce, ba ka yi kuskure a nan ba. Irinsa ake saye, don yana lulawa sama sosai, yana daɗewa bai sauka ba, kuma ba ya shan mai kamar manya. Amma sai a kwashe kujerun alfarmar da kafet da komai, a cika cikin da na'urori. Wuraren zaman 'yan kaɗan ne, kowanne da mai shi, kowa da allon kwamfuta a gabansa. Ni kaina a takure nake zama, gwiwata tana gugar ƙarfe."

Sai Ɗanlami, da zabinsa a hannu, ya ce, "To ko kayan ne a sa mana a but."

"Wane but?"

"Wancan na ƙarƙashin cikin. Yayanka ya ce nan ake zuba akwatuna."

Nasiru ya cije leɓe, na ga kafaɗarsa tana rawa. "Ba but ba ne, Malam Ɗanlami. Ido ne. Kyamara ce a ciki da na'urar hange, daga can sama take ganin abin da ke motsi a daji."

"Eriyar talabijin ɗin fa?"

"Ita ke haɗa magana tsakanin sojojin da ke cikin daji, inda babu sabis, da manyansu. Wannan ma don an sha faɗa a rediyo ne na gaya muku, sauran ba a faɗa." Ya juyo gare ni kamar zai yi kuka. "Kuma yanzu ba Kaduna muka nufa ba. Yaya, na yi ta kiran ka."

Baba Alhaji ya juyo ya dube ni, karo na farko ido cikin ido tun da na shiga gidansa. "Ya kira ka?"

"Ya kira, Baba."

"Ba ka gani ba?"

"Na gani, Baba."

A daidai nan na sunkuyar da kai, kwanon ya karkace a hannuna. Man shanun nan tun a hanya zafi ya narkar da shi ya zama ruwa, murfin ya goce, ya kwararo tun daga ƙirjina har gwiwa, a kan sabuwar shaddata. Na tsaya a gaban surukina, da limaminsu, da majalisata, da sojoji, ina ɗigar mai ina ƙamshin ɗanwake. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo, don kowa ya san abin da ke gaba. Rana ta ɗaga, Kaduna tafiyar yini ce a mota, kuma akwai alkawarin da aka yi wa mamaci.

Baba Alhaji ya kau da kai daga gare ni. Ya ƙura wa jirgin ido ta cikin shinge, can ya ce wa Nasiru, "Shi wannan idon, yana ganin shanu?"

"Yana gani, Baba."

"Har waɗanda aka kora cikin daji?"

"Yana daga cikin abin da ya kawo mu."

Shekarar da ta gabata ɓarayi sun kore masa garken da ya ba da kiwo can yamma, bai ga ko kofato ba, kuma bai taɓa yin zancen a gaban mutane ba. Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "To gara da aka cire kujerun. Da in zauna a ciki, gara abin nan ya zauna." Ya sa aka ɗauko kilishin ya miƙa wa Nasiru, ya ce a raba wa abokan aikinsa, Allah ya tsare su ya ba su sa'a. Nasiru ya karɓa da hannu biyu, ya yi ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifin, sannan ya koma ciki da gudu.

Muna cikin mayar da gero da daddawa a bas sai ga jirgin ya taso ya bi ta kanmu. Kowa ya ɗaga kai ban da ni. Na ji Ɗanlami yana cewa a hankali, "Ga but ɗin can ya tafi ba kaya."

A cikin mota na tattara sauran ƙarfin halina na ce ko mu kama hanya da gudu, wataƙila a jira mu. Direba ya ce ko fiffike gare shi ba zai kai ba, kuma ba a tsayar da jama'ar Juma'a har magariba. Baba Alhaji ya dubi agogonsa, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, ba da kowa yake ba, "Na ce masa da bakina zan bayar." Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Malam Habu ne ya cece ni, Allah ya saka masa da Aljanna. Ya gyara zama ya ce, "Alhaji, ai bakin naka yana nan, ƙafa ce ba ta je ba. A kira Kaduna." Nan fa dattawa suka shiga muhawara, don tun zuwan shari'a kowa ya zama mai bin diddigin hukunci. Wani ya ce ya halatta, wani ya ce sai an ga mutum. Malam Habu ya raba gardama: Baba Alhaji zai wakilta babban ɗansa da ke can a gaban shaidu, don kada a bar wata shakka, sannan shi ma ya faɗa da bakinsa kowa ya ji. Aka kira limamin can, ya ce in dai akwai waɗanda za su shaida muryar, bismilla.

Muka yi sallar Juma'a a wani masallaci a Katsina, ni a sahun ƙarshe, ƙudaje sun yi mini rakiya. Da aka sallame muka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Baba Alhaji ya zauna, ya dubi jama'a, ya nuna ni ya ce, "Shi zai riƙe wayar." Na durƙusa a gabansa, kusancin da ban taɓa yi da shi ba, na buɗe muryar waya na kara ta kusa da bakinsa. A can Kaduna kuma suka kara tasu a lasifikar masallaci.

Muka ji wakilin ango ya nemi aure, aka ambaci sadaki. Baba Alhaji ya yi gyaran murya, ya wakilta ɗansa, sannan ya ce, "Ni ma ga bakina. Zulai 'yata ce, amanar ɗan'uwana ce. Na ba ku." Muryarsa ta ɗan karye a ƙarshen, ya sa gefen rawani ya goge ido. Ta cikin 'yar wayar nan muka ji masallaci guda ya ɗauki "Alhamdu lillahi", muka shafa fatiha tare da su.

Ashe masallatan da ke fitowa sun tsaya suna kallo. Da suka gane aure ake ɗaurawa sai suka zauna, aka buɗe jakar goro da dabino da alawa aka yi ta rabo. Mutanen da ba su san Zulai ba, ba su san ango ba, suka yi ta sa albarka. Wani tsoho ya ce shekarunsa sun yi yawa amma bai taɓa cin goron auren da aka ɗaura a gari biyu ba. Baba Alhaji ya yi dariya har haƙoransa suka fito. Sannan ya dube ni, har yanzu ina durƙushe da waya a hannu, ya ce, "Ka ce ta sama za ka kai ni, ta saman kuwa na je. Tashi ka nemi riga."

Nan ne fa dariyar da aka danne tun hantsi ta ɓalle. Malam Habu har da riƙe ciki. Ni ma na yi, hawaye na zuba, ban san na murna ne ko na kunya ba.

Ba mu koma Daura ba. Baba Alhaji ya ce tunda an karɓi saƙon mutane sai an kai, kuma gobe akwai walima. 'Yan rakiya suka nemi motar gida, mu kuma muka miƙi hanyar Kaduna a bas ɗin nan, shi a gaba, ni a kujerar ƙarshe da zabin Ɗanlami. Duk ramin da muka faɗa sai in ji ya ce "wash" saboda bayansa, ni kuma in ƙara nutsewa cikin kujera.

Da safe Zulai ta zo gaishe shi cikin lulluɓi, ina bakin ƙofa ina jin su. Ta ce ƙawayenta sun riƙe mata waya ta ji komai, kuma da ta ji ya ce amanar ɗan'uwansa ce sai da ta yi kuka. Ya ce ta yafe masa, ya so a ce yana zaune a wurin. Ta ce, "Baba, ai kun cika." Da ta fito ta gan ni a raɓe, ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, sannan ta ce, "Yaya, an sauka lafiya? Ya gajiyar jirgi?"

Daga ranar sunana a kasuwa ya koma Ɗan Kamashon Sama. Yanzu in ana zancen abin da ban sani ba a majalisa, nakan ce ban sani ba, ko da yake sai na yi kamar zan shaƙe kafin ta fito. Abin da ban zata ba shi ne, tun daga lokacin in na je Baure Baba Alhaji yakan sa a kawo mini fura, ya tsayar da ni hira, ya tambaye ni lafiyar Nasiru da ko idon nan ya hango wani abu. Na ɗauka ma ya manta da komai.

Sai da Zulai ta haihu na gane matsayina. Ana gobe suna na shirya na je Baure in ji yadda za a yi tafiya, surukata ta ce ai Alhaji tun shekaranjiya ya bi motar haya, kuma ya bar sallahu cewa kada a gaya mini sai ya sauka.

Darasin da na koya dai guda ne, kuma kyauta na ba ku: kada ka yi wa suruki tayin kujerar da kai kanka ba ka taɓa zama a kanta ba.